Tambayoyi da Amsoshi Kan Bidiyo: Cin Data, Kuɗin YouTube da Kyamarar Tsaron Gida a Kaduna

Da ɗaukar biki na fara, zamanin da ake saɓa kyamara a kafaɗa kamar buhun masara, kaset na juyawa a cikinta. Daga nan na zauna shago a Tudun Wada ina tura wa mutane finafinai da karatu a memori. Yanzu kuwa rabin yinina a kan tsani yake ƙarewa, ina kafa kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna, daga Rigasa har Barnawa. Tambayoyin nan su ne waɗanda bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda. Ban sa farashin komai ba, don kayan nan duk dala suke bi. Kuɗin da na faɗa yau, kafin Juma'a ya zama ƙarya.

Jiya na sa data, yau ta ƙare. Sace mini ake yi?

Kusan kowa da wannan yake buɗe baki, kuma in na karɓi wayar na duba, sai in tarar ɓarawon a cikin gida yake. Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da gudu, yawanci 30 a daƙiƙa guda, kowane hoto kuma ɗigo-ɗigo ne aka haɗa. Lambar nan da kake gani, 360p ko 720p ko 1080p, yawan layukan ɗigon take faɗa maka. Hoton 360p ɗigo 230,400 ne. Na 1080p ya haura miliyan 2, ninki tara ke nan. Shi kuma 4K ya ninka 1080p sau huɗu. Duk wannan kaya ta layinka zai biyo kafin ya iso idonka.

Netflix da bakinsu sun ce kallon awa guda yana iya cin giga 1 a matsakaicin haske, giga 3 a HD, giga 7 a 4K. To ka ɗauki yaron da aka ba waya bayan la'asar ya riƙe ta har isha, ka yi lissafi da kanka.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne manhajar ce ke zaɓar haske da kanta. Da ta ga sabis ya yi ƙarfi sai ta ɗaga, ba ta tambaye ka ba. Shi ya sa wanda ya bar 3G ya koma 4G ko 5G yake kukan data ta fi saurin ƙarewa: bututun ne ya ƙara faɗi, ruwan tankin kuwa yana nan yadda yake. TikTok da Facebook da Instagram kuma suna fara sauke bidiyon gaba tun kana kan na yanzu, har wanda za ka ture da yatsa ba ka kalla ba an riga an caje ka wani abu a kansa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan sakaci ya daina zama ƙaramin abu.

Abin yi kaɗan ne. A allon waya 480p ya wadatar, idonka ba zai ga bambancin kirki ba. In wa'azi ne ko tafsiri ko hira, inda kunne ke aiki, sauko da shi 144p ko 240p. Kunna tsarin tattalin data a kowace manhaja, ka hana bidiyo tashi da kansa. Sannan ka shiga WhatsApp ka kashe saukewa ta kai-da-kai. Bidiyo ɗaya ne zai shigo maka ta zauren dangi, da na 'yan ajinku, da na masallaci, da na unguwa, ko wanne ka so ka buɗe kai ne za ka zaɓa.

Sandunan sabis a cike suke, amma bidiyo sai juyawa yake. Me ya kawo haka?

Sandunan suna nuna ƙarfin muryar da ke tsakanin wayarka da turken kamfani ne kawai. Ba sa gaya maka mutum nawa ne suka rataya a turken. Unguwa mai cunkoso kamar Rigasa ko Unguwar Mu'azu, daga bayan magariba zuwa sha ɗayan dare kowa yana kan waya, abin ya zama kamar gadar Kawo ranar da aka tare hannu ɗaya. Bidiyon 720p yana son gudun megabit 3 a daƙiƙa, 1080p yana son 5, 4K yana son 15. In abin da ya iso gare ka bai kai ba, dole ya tsaya ya tara.

Wani lokacin laifin ma ba a Kaduna yake ba. A watan Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, aka kwana biyu ana fama a Najeriya duka. Ranar mutane da yawa sun kawo mini wayoyi wai sun lalace.

Mafi sauƙin dabara: abin da kake son kallo da dare, sauke shi da asuba ko tsakar dare lokacin da hanya take fayau. YouTube da Netflix duk suna ba da damar haka a cikin manhajarsu.

Bidiyon kamu ya fito tas a wayata, da na tura ta WhatsApp sai fuskar amarya ta dushe.

WhatsApp matse bidiyo yake yi don ya yi sauƙin tafiya, matsewa kuwa zubar da wani ɓangaren ɗigon ne, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. In aka sauke, aka sa a sitatus, wani ya kwafa ya sake ɗorawa a Facebook, kowane zango sai an ƙara rage shi. Kafin ya kai wurin gwaggon amarya a Zariya, leshin ya koma kamar atamfa.

Tun 2023 akwai maɓallin HD wurin turawa, yana rage ɓarnar. In kana son ya isa yadda aka ɗauke shi, tura shi a matsayin takarda, wato ta wurin da ake tura fayil, nan yana ɗaukar har giga 2 ba tare da an taɓa shi ba. In kuwa kuna wuri ɗaya, Xender ko filashi sun fi, ba ruwanku da data.

Memorin da na saya an rubuta giga 128, amma bidiyoyina suna ƙin buɗewa.

Mai yiwuwa jabu ne. Ana ɗaukar ƙaramin memori a yi masa rubutun ƙarya a ciki, waya ta karanta 128 alhali cikinsa bai fi giga 8 ba. Da ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho, sunayen fayil suna nan reras, amma ba komai a ciki. Na taɓa ganin matar da bidiyon sunan ɗanta na fari ya tafi a haka. Araha ba ta ado. Ka sayi memori inda za ka iya komawa, ka cika shi da manyan fayiloli tun ranar farko, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani. Don ɗaukar bidiyo ka nemi mai alamar U3 ko V30, ma'anarta yana rubuta aƙalla mega 30 a daƙiƙa.

Kaset ɗin bikin iyayenmu yana nan. Ana iya ceto shi?

Ana iyawa, amma kada a ƙara jinkiri. Tun 2016 kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ta VHS, Funai na Japan, ya daina, waɗanda suka rage a hannunmu lallaɓa su muke yi. Zaren kaset ba ya son zafi da laima, daminar Kaduna kuwa ta iya sa masa fumfuna. In ka hangi fari-fari ta tagar kaset ɗin, kada ka cusa shi cikin na'ura, sai an share. Juyarwar tana cin lokacinta cif: kaset na awa uku, awa uku zai yi. In an gama ka ajiye shi wuri biyu ko uku, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa. Kada ka dogara da faifan CD kaɗai, shi ma yana ruɓewa.

Sai na sayi sabuwar talabijin kafin in kalli YouTube a babban allo?

A'a. In tsohuwar tana da ƙofar HDMI, ɗan akwatin Android ko sandar da ake soka mata ya isa. Sai dai ka sani, talabijin ba ta da tausayin data. Tana ganin Wi-Fi za ta haye 1080p, datar MiFi, wato ɗan akwatin intanet na aljihu, da kuke lallaɓawa wata guda ta ƙare a kwana huɗu. Shiga saitin ka rage da hannunka.

Da gaske YouTube yana biyan kuɗi? Ta yaya?

Yana biya, amma ba yadda ake ba da labari a majalisa ba. Tun 2006 Google ya sayi YouTube, kuma kasuwancinsa talla ne: mai kaya ya biya a nuna tallarsa, a raba da wanda aka nuna ta a kan bidiyonsa. A dogon bidiyo mai tasha yana samun kashi 55 cikin ɗari, a gajerun nan da ake kira Shorts kashi 45 na rabon da ya faɗo masa.

Kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000, da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na Shorts cikin kwana 90. Mabiyan ba su ne wahala ba, awannin ne. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In kowane mai kallo yana tsayawa minti huɗu, kana bukatar kallo 60,000. Daga nan sai asusun AdSense, wanda Google ke biyan kuɗin talla ta cikinsa: in kuɗinka ya kai dala 10 za a aiko maka da lambar tabbatarwa a takarda ta gidan waya, don haka ka ba da adireshin da wasiƙa za ta iya samu, ba "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure" ba. Ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Akwai kuma takardar harajin Amurka da ake cikewa. Abin da ka samu daga masu kallo na can ana cire masa har kashi 30.

Ga abin da matasa ba sa son ji. Yawan kallo ba shi ne yawan kuɗi ba. Mai talla ya fi biya a kan mai kallon da ke Ingila ko Amurka fiye da na Kaduna ko Maraɗi, mu kuwa masu kallon Hausa yawancinmu a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru muke, sai 'yan'uwa da ke Sudan da Saudiyya. Waɗanda na sani suna cin abinci da bidiyo a garin nan, mafi yawansu ba daga tallar YouTube suke ci ba. Mai ɗinki ce da ke nuna yadda take yanka abaya, oda na zuwa mata daga Abuja. Mai gyaran waya ne da aka gani aka yarda da hannunsa. Mai barkwanci ne da 'yan kasuwa ke biyansa ya ambaci shagonsu. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗin talla tun 2024, amma hukuncin ɗaya ne.

Kada ka sayi mabiya. Lamba ce kawai, ba sa kallo, kuma ana iya rufe tashar saboda su.

Na sa waƙa a bidiyona, an ce kuɗin na wani ne.

Haka ne. YouTube yana da tsarin Content ID da ke gane sauti da hoton da masu su suka yi wa rajista. In ya gane, mai abu ya zaɓa: ya kwashe kuɗin tallar, ko ya toshe bidiyon. Wannan da sauƙi. Mai zafin shi ne in ya kai ƙara aka sauke bidiyon, a rubuta maka gargaɗi. Uku cikin kwana 90, tashar ta tafi da duk wahalar da ka sha. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasa ba ya kare kowa, ikirari ne ma. A gida kuma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Masu yanka finafinan Kannywood suna zubawa a tashoshinsu su kwana da sanin haka.

Wayata ta isa, ko sai na sayi kyamara?

Ta isa. Mutane suna haƙuri da hoto mai hazo, amma ba sa haƙuri da sautin da ba a ji. Kuɗinka na farko ya tafi kan ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, na biyu kan ƙafar da za ta riƙe wayar. Haske ya kasance a gabanka, kada taga ta zama a bayanka. Goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ka fara, musamman da hunturu.

Masu watsa tafsiri kai tsaye da azumi: ku jawo sautin daga na'urar lasifikar masallaci zuwa wayar, kada ku bar ta tana kwasar amsa-kuwwa da ƙarar fanka. Ku tuna kuma watsawa ɗorawa ce, gudun ɗorawa kuwa kusan kullum ya gaza na saukewa. Gara 480p da ke tafiya sumul da 1080p mai sarƙewa ana tsakiyar aya. A sa wayar a caji, a kashe shigowar kira.

Ina son kyamarar tsaro a gida. Wace iri?

Iri huɗu ne a kasuwa. Akwai mai DVR, inda kowace kyamara ke da igiyarta zuwa akwatin da ke naɗa. Ita ce mafi yawa a Kaduna, ta fi sauƙin kuɗi, kuma kowane mai gyara ya san ta. Akwai mai NVR, wadda ke bin igiyar intanet, sau da yawa igiya ɗaya ta kai wuta ta dawo da hoto; ta fi tsada, ta fi kyau. Hikvision da Dahua su ne sunayen da za ka fi ji a waɗannan biyun. Sai ƙananan nan na Wi-Fi masu memori a ciki, da kuma masu sola da layin waya, waɗanda suka dace da gona, ko fili da ake gini a Millennium City, ko garejin da ba wuta.

Gidan zama, shawarata mai igiya. Katangarmu bulo ce da siminti da rodi, Wi-Fi ba ya ratsa su yadda takardar kwali ta yi alkawari. Ta Wi-Fi kuma in an cire ta an tafi da ita, an tafi da shaidar.

Guda nawa, kuma a ina?

Gida madaidaici huɗu sun isa: ƙofar shiga, wurin ajiye mota, bayan gida inda katanga ta fi sauƙin hawa, da lungun janareta ko batiran sola. Kuskuren da na fi gani shi ne kai kyamara can ƙarƙashin rufin bene don ta "ga ko'ina". Za ta ga ko'ina, amma hula da rawani kawai za ta nuna maka. Wadda kake son ta kama fuska, ta zauna tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, tana duban inda dole mutum ya bi. Kada ta kalli gabas ko yamma kai tsaye, rana za ta mayar da kowa baƙar inuwa.

Akwatin naɗin ya fi kyamarorin muhimmanci. Wani Alhaji a Malali ya kira ni da sassafe, an shiga gidansa suna Kano wurin biki. Na iso ya ce, "Malam, zo ka buɗe mana mu ga 'yan banzan nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, ina akwatin?" Ya nuna ƙarƙashin talabijin. Ba talabijin, ba dikoda, ba akwati, sai igiyoyi takwas a zube a kan kafet kamar an yanke wa kaza wuya. Kyamarorin takwas suna nan a waje ƙalau, sun ga komai, ba su riƙe komai ba. Wanda ya kafa masa ya ajiye shi a falo ne don igiyar allo ta yi gajarta. Kamata ya yi akwatin ya shiga ɗaki mai makulli ko cikin silin inda iska ke ratsawa, a jawo igiyar allo kaɗai zuwa falo.

Kwana nawa take ajiye abin da ta ɗauka?

Lissafi ne. Kyamarar 1080p da aka saita kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kimanin giga 21 a yini da kwana. Huɗu, giga 86 ke nan. Faifan ajiya mai tera 1 zai riƙe kwana 11 zuwa 12, daga nan ya fara share na farko yana rubuta sabo, ba sallama. In na'urarka ta san tsarin matse bidiyo na H.265, kunna shi, yana iya rage cin wurin zuwa kusan rabi idan aka gwada da tsohon tsarin H.264. Saita ta ta naɗa sai in ta ga motsi yana ƙara kwanaki, sai dai a ƙofar da ke bakin titi motsi ba ya yankewa.

Faifan ya zama wanda aka yi don wannan aiki, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, masu jure rubutu dare da rana. Wasu masu kafawa tsohon faifan kwamfuta suke sakawa su karɓi kuɗin sabo. Ka ce a buɗe a nuna maka.

In an ɗauke wuta fa? In ba intanet fa?

Abu biyu ne daban, mutane suna haɗa su. Naɗi ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Intanet don ka leƙa gidanka daga waya ne kana kasuwa ko kana Abuja. Lokacin da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan a ƙarshen Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, masu DVR sun ci gaba da naɗi kamar ba abin da ya faru. Waɗanda kyamararsu ke tura komai rumbun kamfani a intanet su ne suka zama makafi.

Wuta kuwa dole ce, ɓarawo ma ya fi son daren da unguwa ta yi duhu. Kyamara huɗu da akwatinsu ba su fi wat 30 zuwa 40 ba, ba su kai tsohon ƙwan fitila ba. Batir mai 100Ah, ko rabinsa kawai ka ja don ya yi ƙarko, zai kai su awa 12 zuwa 15. In akwai inbata a gidan a ɗora su a kai, kan layin da ba a kashewa. A sa musu abin kare tsawa kuma. Farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, shi ne lokacin da nake canja akwatuna mafi yawa, tsawa ta bi doguwar igiyar waje ta shigo.

Da rana tas, da dare sai fari fat ko wasu abubuwa na yawo.

Wata Hajiya a Unguwar Dosa ta kira ni tana salati, wai wani farin abu yana lilo a ƙofarta kullum bayan isha, har ta sa an yi sauka. Na ce, "Hajiya, a ba ni tsani da tsintsiya." Yanar gizo-gizo ce. Kyamara tana haska dare da wata fitila da idonmu ba ya gani, ƙwari suna taruwa wurin, gizo-gizo ya biyo abincinsa, zare ɗaya a bakin gilashi ya koma kamar mutum cikin likkafani. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce kada in gaya wa maigidan.

Fari fat kuma hasken ne ke dukan bango ko silin da ke kusa ya dawo mata. A ɗan karkatar da ita. Da hunturu ƙura ke kwanciya a gilashin, ƙyalle mai laushi sau ɗaya a mako ya isa. Fitilar daren yawancinsu mita 20 zuwa 30 take kaiwa. In kana son launin riga da na mota, sa ƙwan sola a ƙofar.

Wani zai iya leƙen gidana ta kyamarata?

Zai iya, in ka bar masa ƙofa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, akasarinsu kyamarori da akwatunan naɗi da rauta (akwatin raba Wi-Fi), ba da wata gwaninta ba: kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Da su aka kai harin da ya tsayar da Twitter da Netflix a sassan Amurka a Oktoban shekarar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har gobe ina shiga gidaje in tarar da 12345.

Amma wanda ya fi kusa da leƙenka ba wani Bature ba ne a bayan kwamfuta. Mu ne masu kafawa. Da yawa suna ɗaure na'urar a asusunsu, su ba maigida aron kallo. Ka ga ke nan gidanka yana aljihun wani, ranar da kuka ɓata kuma sai ka neme shi kafin ka canja komai. Asusun a buɗe shi da lambarka ko imel ɗinka, a gabanka. In an gama aiki ka canja kalmar sirri da hannunka bayan mai aikin ya fita, har da ni. Duba jerin waɗanda aka ba izinin kallo lokaci-lokaci: tsohon maigadi, yaron shagon da ya bar aiki, wayar da aka sayar ba a goge ba.

Zan iya sa kyamara a cikin gida, ɓangaren iyali?

Nan nake yawan saɓawa da masu gida. Tsakar gidan Bahaushe ba fili ba ne kawai, wurin da mace ke ajiye mayafi ne, ta yi wanki, ta yi kitso, maƙwabta mata su shigo su sake. Ranar da ido ya hau bango, wannan sakewar ta ƙare, ko da maigida kaɗai ke riƙe da wayar. Waya kuwa tana faɗuwa, tana zuwa wurin gyara, yara suna ɗauka. In dole ne, to matan gidan su sani, su yarda, su ma a sa musu a wayoyinsu, baƙi kuma a gaya musu.

An sha kirana in ɓoye kyamara a ɗakin 'yar aiki, ko a sashen uwargida ba da saninta ba, wai ana zargin wani abu. Ba na yi. Ɗakin kwana da banɗaki ba wurin kyamara ba ne ko na wane ne. Addini ya hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 12 a Suratul Hujurat a fili take, sashe na 37 na kundin tsarin mulki kuma ya kare sirrin mutum da gidansa. In don jariri ne da mai reno, falo ya isa, kuma a faɗa mata tun ranar da ta kama aiki.

Haka maƙwabci. Mai bene ya duba kada kyamararsa ta faɗa tsakar gidan da ke ƙasa. Yawancin na'urori suna da saitin da ake shafa baƙi a wani yankin hoton. A kira maƙwabcin a nuna masa allon ya gani da idonsa, zumunci ya fi kusurwar katanga. Masu shago, makaranta ko asibiti su liƙa sanarwa a ƙofa, don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kansu.

Kyamara ta kama ɓarawo. In ɗora a Facebook?

Na san zafin, amma dakata. Hoton dare yana kama da mutum goma a unguwa ɗaya, kuma mun san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka nuna da yatsa aka ce ɓarawo, kafin a gane ba shi ba ne. In ka ambaci suna ka yi kuskure, kai za ka koma wanda ake ƙara. Ga shi kuma ka sanar da ɓarawon inda kyamararka take da inda ba ta gani.

Abin da za ka fara yi, a ranar, shi ne fitar da bidiyon zuwa filashi daga cikin akwatin kansa, kafin faifan ya zagayo ya share. Ɗauko daga minti goma kafin abin ya faru zuwa minti goma bayansa, daga duk kyamarorin, har waɗanda kake ganin ba su nuna komai ba. Kada ka ɗauki allon da waya, kada ka yanke, kada ka sa masa kibiya ko waƙa. Yi kwafi biyu, ɗaya ga 'yan sanda, ɗaya a wurinka.

Kotu tana karɓar irin wannan bidiyo?

Tana karɓa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe ƙofa ga shaidar da ta fito daga na'ura, da sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, yawanci ta takardar shaida da wanda ke kula da ita zai sa wa hannu. Lauyanka zai tsara wannan. Naka shi ne agogo. Cikin akwatin akwai ɗan batir kamar kwabo da ke riƙe lokaci in wuta ta ɗauke. In ya mutu, sai na'urar ta koma wata tsohuwar shekara, satar daren Talata ta fito da kwanan watan da ba a ma gina gidan ba. Wasu kuma da agogon ƙasar Sin suke zuwa, wanda ke gabanmu da awa bakwai, mai kafawa bai gyara ba. Gwajin ba wuya: nemo lokacin da maigida ke fita sallar asuba a naɗin jiya. In allon ya ce sha biyu da rabi na rana, a shiga saiti a mayar da shi GMT+1, wato agogon Najeriya.